Kwana a tanti a tsakiyar duwatsun Cairngorm: wa ya taɓa yi a cikinmu?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Mun gama jarrabawa, kuma kafin rubutun kammala digiri ya danne ni ina so mu yi wata tafiyar ƙafa ni da abokin karatuna, ɗan nan Sikotland ne. Za mu tashi daga Linn of Dee, gaba da Braemar kaɗan, mu bi ta kwarin da ake kira Lairig Ghru, mu ɓulla ta wajen Aviemore. Wajen kilomita 30 ne. Shi yana cinye ta a wuni guda, ni kuwa na san ƙafata, shi ya sa muka ce mu kwana a hanya. Ba sansanin da ake biyan kuɗi ba, inda dare ya riske mu nan za mu kafa tanti. Ƙarshen Yuni muke so. Shin hukuma ta yarda da haka? Me zan ɗauka? Kuma yaya mutum zai yi da sallah da tsarki a irin wurin nan?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Yaro, an biya maka ɗaki mai hita da ruwan zafi, ka ce kai sai daji? Mu da muka taso muna kwana a bukkar gona muna gadin dawa, addu'armu kullum Allah ya fid da mu, ya kuwa fid da mu. Yanzu ku kuma da kuɗinku za ku sayi wahalar. Mahaifiyarka ta san da maganar nan?

Ɗan Zazzau: Baba ban gaya mata ba tukuna, sai na dawo.

Baban Yara: To ka gani.

Injiniya: Alhaji a yi masa afuwa, ni ma da haka na fara, yau shekara tara ke nan. Ƙanena, ta fuskar doka ba ka da matsala. A Sikotland akwai dokar da aka yi a 2003, ta fara aiki a 2005, wadda ta ba kowa damar shiga yawancin filaye da duwatsu da ƙafa, har ya kwana, ko da filin na wani ne. Amma da sharaɗi. Ku kasance 'yan kaɗan, da ƙaramin tanti, kada ku wuce kwana biyu ko uku a wuri guda, ku nisanci gidajen mutane da gonakin da aka shuka da shingen dabbobi, kuma in kun tashi kada a ga alamar an kwana. Damar ta mai tafiya da ƙafa ce, ba ta shafi wanda zai shiga da mota ba.

Abin da ke rikita mutanenmu shi ne suna ɗauka duk Birtaniya haka take. A Ingila da Wales sai da izinin mai fili, in ban da wani yanki na Dartmoor, shi ma sai da aka kai har kotun ƙoli kafin ta tabbatar da shi a 2025. A nan Sikotland ma akwai wasu bakin tafkuna a yankin Loch Lomond da tun 2017 sai da takardar izini daga farkon Maris zuwa ƙarshen Satumba, saboda ɓarnar da masu zuwa shaƙatawa suka riƙa yi. Hanyarku dai ba ta cikin wannan.

Ƙanwar Kowa: Wato ka kwana a filin mutum bai sani ba, kuma ba zai fito maka da gora ba? Ikon Allah.

Ɗan Gembu: Ni ban ga abin tsoro ba wallahi. Duwatsun nan nasu fa yara ne. Ben Nevis da suke ta kururutawa mita 1,345 ne kacal. Na hau Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419, muka kwana a hanya, ba abin da ya same mu. Garinmu kansa ya fi ƙololuwar dutsensu tsawo. Ka ɗauki bargo mai kauri da adda da ashana, ka hura wuta ka kwanta kusa da ita, shi ke nan.

Injiniya: Malam, duk abu ukun da ka lissafa, babu wanda zan bari ya ɗauka sai ashana. Adda dai a ajiye maganarta, in ɗan sanda ya gan ka da ita a tashar jirgin ƙasa ta Aviemore bayani zai yi maka tsawo. 'Yar wuƙa mai naɗewa, wadda ba ta kullewa, da kaifinta bai wuce inci uku ba, ita ce ba a tambaya. Kuma ba abin da za ka sara a can.

Batun tsawo kuma, nan ne mutanenmu ke ruɗuwa. Mambila tana kusa da tsakiyar duniya, Cairngorm kuwa tana can arewa sosai, ga iskar teku. A kan Mambila ana noman shayi, shanu na kiwo, mutane na zaune da iyalansu. A nan da ka wuce mita 600 ko makamancin haka bishiya ma ta daina tsiro, sai gajeren ciyayi da tsakuwa. Ƙanƙara na iya sauka a saman duwatsun a kowane wata na shekara. A kan Cairn Gorm an taɓa auna iska mai gudun mil 173 a awa guda, a watan Maris na 1986. Kuma Lairig Ghru kamar zurare yake tsakanin manyan duwatsu, Ben Macdui ta gabas, Braeriach da Cairn Toul ta yamma, duk iskar da ta taso ta nan take bi. Inda hanyar ta fi tudu wajen mita 835 ne. Lambar ƙarama ce a takarda, je ka tsaya a wurin da jiƙaƙƙiyar riga ka ba ni labari.

Ɗan Gembu: To na ji batun adda. Amma wuta fa? Mutum ya kwana a daji ba wuta, wannan ai ba kwanan daji ba ne, horo ne.

Injiniya: Ka san me ke ƙarƙashin ciyawar wurin? Wata baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓen ciyayi da ta taru shekaru dubbai, su kansu mutanen ƙauyukansu da ita suke girki a da, kamar gawayi. In ka hura wuta a kanta, ka zuba ruwa ka ga ta mutu ka tafi, tana nan tana ci ta ƙarƙashi kamar wutar ƙaiƙayi, sai bayan kwanaki ta ɓullo a wani wuri. Sannan farkon hanyar da ƙarshenta, wajen Derry Lodge da dajin Rothiemurchus, ragowar tsohon dajin ƙasar ne, akwai itatuwan da suka shekara ɗaruruwa. Masu kula da wurin ba sa son wuta ko kaɗan, kuma suna da gaskiya. A tsakiyar kwarin ma ko ka so babu itacen da za ka tsinta.

Ɗan Gembu: Fulanin da muka bi a Gashaka kullum da wuta suke kwana, daji bai ƙone ba.

Injiniya: Su dajinsu ne, sun san ƙasarsa, sun san lokacin da ciyawa ke kamawa, kuma suna da dalili, ga namun daji ga shanu. Nan babu kura babu damisa, kyarkeci ma an ƙarar da shi tun ƙarnoni. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a ƙasar, shi ma gudunka yake yi. Wutar me za ka hura? In don shayi ne, ɗan rishon gas da bai fi tafin hannu ba ya tafasa maka ruwa kafin ka gama kafa turaku.

Ɗan Gembu: Ni dai har yanzu ina ganin an cire wa abin gishirinsa. Amma garin wasu ne, ba zan ja ba.

Anti Nas: Ku bar ni in sa baki, tun da mu ake kawo wa in abin ya ɓaci. Ɗana, abin da ke kayar da mutum a duwatsun nan ba ƙanƙara ba ce kawai, jiƙa ce da iska da gajiya da yunwa in suka haɗu. A tsakiyar bazararsu ma yana faruwa. Zafin jiki ya riƙa sauka a hankali, mutum ya fara karkarwa, magana ta fara sarƙewa, ya riƙa tuntuɓe, ya kasa zuge zif ɗin rigarsa. Mugun abin shi ne mai shi ba ya ganewa, yana ce maka lafiyarsa ƙalau. Don haka kai ka sa ido a kan abokinka, shi ma ya sa a kanka. In ka ga haka ku tsaya nan take, a kafa tanti, a cire jiƙaƙƙun kaya, a shiga jakar barci, a sha abu mai ɗumi da zaƙi.

Kada ka sa kayan auduga. Na san mu da singileti da wandon jins, to ka bar su a gida. Auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi. Ka nemi na ulu ko na roba. Ka ware riga ɗaya da wando da safa ka ƙulle a leda, na barci ne kawai, ko sama da ƙasa za su haɗe kada ka taɓa su da rana. Da safe ka mai da jiƙaƙƙun jikinka. Babu daɗi, amma minti goma da fara tafiya ka manta.

Sai kaska. Tana cikin dogayen ciyayi inda barewa ke bi, kuma tana ɗauke da cutar Lyme. Wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, da dare ka haska tocila ka duba bayan gwiwa da matsematsi da ƙugu. In ka same ta kada ka ƙona ta ko ka shafa mata man shafawa kamar yadda muke wa ta shanu, akwai ɗan ƙugiyar cire ta a kantin magani, ba tsada. Kuma ka lura, jan zoben da ake cewa yana fitowa a wurin cizon, a baƙar fata ba lallai ya yi ja ba, yana iya zama kamar tabo mai duhu. In ka ji zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi bayan ka dawo, ka gaya wa likita inda ka je.

Ɗan Zazzau: Anti na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jakar barci na ari ta abokina. Tabarmar ƙasa ce ban da ita, na ce ko dardumar sallah ta wadatar, in rage kaya.

Injiniya: A'a! Wannan kuskuren ni na yi shi, kuma ba zan manta daren ba. Tafiyata ta farko na sayi jakar barci mai tsada, na ce tabarma ai ƙawa ce. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka, samana da ɗumi, amma bayana da ƙuguna kamar an kwantar da ni a kan sumunti da aka yi wa wanka da ruwan randa. Na juya dama, na juya hagu, na zazzage jakar goyona na shimfiɗa, na kwanta a kan igiyoyinta da maɓallanta har gari ya waye. Dalili shi ne jakar barci iskar da ke cikinta ce ke riƙe ɗumi, in ka kwanta a kai ka matse ta, ɓangaren ƙasa ya zama zane kawai, ƙasa kuma ta yi ta shan zafin jikinka. Ina da tabarmar soso guda biyu, ka same ni bayan Juma'a a masallaci ka karɓi ɗaya.

Wurin kwana kuma, kada ku ce sai inda dare ya riske ku. Can sama wajen 'yan tafkunan da ake kira Pools of Dee duk tarin duwatsu ne, wani kan wani, babu inda za ka shimfiɗa ko sallaya balle tanti. Ku tsaya tun kuna ƙasa, wajen Corrour, kimanin kilomita 12 ko 13 daga inda kuka tashi. Akwai wani ɗan ɗakin dutse a wurin, irin wanda suke kira bothy, a buɗe yake ga kowa kyauta, wata ƙungiyar 'yan sa kai da aka kafa a 1965 ke gyara irinsu. Amma ƙarami ne kuma ana rububinsa, kada ku dogara da shi. Ku kafa tantinku a kusa, ku amfana da bayan gidan da aka yi a jikinsa.

Ƙanwar Kowa: Yaya Injiniya ba ka faɗa masa labarin mijin nan ba.

Baban Yara: Wane miji kuma?

Ƙanwar Kowa: Ƙwaron nan Baba, midge suke ce masa, mu muka mai da shi miji, don in ya kama ka ba saki.

Injiniya: Hahaha. Wallahi ta fi ni iya faɗa. Wasu mitsi-mitsin ƙwari ne, sun fi sauro ƙanƙanta nesa, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba suke tashe. Ba sa sa zazzaɓi, amma suna zuwa ne kamar hayaƙi, su shiga hanci da kunne da gashin ido. Gidan sauro na gida bai tare su, ramukansa sun yi musu faɗi, sai ka sayi ragar kai da aka yi dominsu. Maganinsu iska, da ta ɗan motsa ba sa iya tashi. To ga inda wayon yake: in ka kafa a kwari kusa da ruwa inda babu iska, su cinye ka, in ka hau tudu sosai, iska ta kwashe tantin. Ka nemi ɗan tudu mai busasshiyar ƙasa da iska ke shafa kaɗan, ka juya bayan tantin ga inda take fitowa.

Almajiri: Game da sallah, ga ɗan abin da na karanta, malamai su gyara mini. Daga Aberdeen, inda kake zaune, zuwa Braemar ya haura mil 48, don haka kai matafiyi ne, kana da ƙasaru, kuma akwai sauƙin haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha. Wannan zai taimake ka ƙwarai, don a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma na dare, kafin huɗu da rabi ta fito, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya. In ka ce sai ka ga duhu sosai za ka yi Isha, har alfijir ya keto kana jira. Ka ɗauki hoton jadawalin masallacinku a waya tun kana gida. Alƙibla kuma kudu maso gabas take daga nan, kada yadda ka saba a gida ya sa ka fuskanci gabas kai tsaye, ka duba kamfas.

Taimama ba na jin za ka buƙace ta, ruwa ko'ina. In sanyinsa ya yi yawa ka ɗan ɗumama a risho.

Anti Nas: Malam ka ƙara masa da batun kewayawa, don a nan ne ake jin kunyar tambaya. In ba ku kusa da bayan gidan Corrour, ka ɗebi ruwa a gora ka yi nisa da rafi, aƙalla mita 30, ka tona rami ka binne. Kada ka yi tsarki a bakin ƙorama, wanda ke ƙasa da kai ita zai sha. Gorar tsarki daban, ta sha daban, ka ɗaura wa ɗaya zare don kada su rikice da dare. Ruwan sha kuma ka ɗiba daga mai gudu, sama da inda mutane ke kwana, ka tafasa.

Baban Yara: Duk na ji. Aljanun wurin fa? Ko su ma doka ta hana su?

Injiniya: Alhaji su ma suna da nasu! Akwai labarin wani dogon mutum toka-toka da ake cewa yana bin masu hawan Ben Macdui a cikin hazo. Wani farfesan kimiyya mai suna Norman Collie ya ba da labari a 1925 cewa ya taɓa jin takun sawu a bayansa a can, ya zura da gudu. Masana na cewa in rana na bayanka hazo na gabanka, inuwarka ce ke fitowa ƙatuwa. Ni dai hazon kansa na fi tsoro. A Nuwamban 1971 ɗalibai biyar 'yan makaranta daga Edinburgh da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu sun rasu a saman tudun nan da guguwar ƙanƙara ta rufe su. Lokacin sanyi ne, ba irin naku ba, amma tun daga nan ba a wasa da wurin.

Saboda haka ƙanena: taswirar takarda da kamfas, kada ka dogara da waya, yawancin kwarin babu sabis kuma sanyi na shanye batir. Ku duba hasashen yanayi na duwatsu, ba na gari ba, in ya ce iska mai ƙarfi ku ɗaga tafiyar. Ka bar wa wani bayanin hanyarku da lokacin da ya kamata a ji ku. In wani abu ya faru, 999, ka ce 'yan sanda, sannan ka ce masu ceto a dutse. Tun yanzu ka tura kalmar register zuwa 999 ta saƙon tes, don wani lokaci saƙo na fita inda kira ba ya shiga.

Baban Yara: To ni za a bar wa bayanin. In ƙarfe takwas na daren Lahadi ta yi ban ji ka ba, zan kira su, sannan in kira Zariya. Kuma ka ɗauki dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ka bar abincin ledan nan nasu mai kama da dusa.

Ɗan Zazzau: Baba na yarda, amma a fara kiran masu ceton kafin Zariya don Allah.

Ɗan Zazzau: Jama'a mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Baba ya shaida, bakwai saura na kira shi daga Aviemore. Ɗakin Corrour mun tarar da shi cike, har da wasu a waje, muka kafa a wani ɗan tudu can gefe. Da magariba iska ta ɗauke ɗif, sai ga mijin Ƙanwar Kowa da danginsa. Na haɗa shayi, kafin in kai baki saman kofin ya yi baƙi da su, na hure na sha haka nan ta ƙarƙashin raga. Sallah a cikin tanti na yi ta a zaune, Malam sai ka gaya mini hukuncinta. Wajen sha ɗaya da rabi na leƙa waje, ana iya ganin dutsen da ke gabanmu sarai ba tocila, ga barewa huɗu suna kiwo a ƙetaren rafi, ba abin da kake ji sai ruwa. Na daɗe a wurin ban koma ciki ba.

Tarin duwatsun sama kuwa sun ci mana kusan awa biyu, gwiwata ta hagu har yanzu tana gaya mini. Abokina ya cinye rabin ƙuli-ƙulin, yana tambayar inda ake sayarwa. Anti, na cire kaska ɗaya a bayan gwiwa da ƙugiyar nan, ina lura da wurin.

Anti Nas: Ka ɗauki hoton wurin yau, ka riƙa kwatantawa har wata guda.

Ɗan Gembu: To yaya daren ba wuta?

Ɗan Zazzau: Gaskiya na yi kewarta wajen ƙarfe uku. Yaya Injiniya, tabarmarka ta ɗan yage a gefe ɗaya, dutse ne ya kama ta. In kawo ta haka ko in sayi sabuwa?

Injiniya: Riƙe ta. Akwai wata hanya ta Glen Feshie da nake so mu bi a Satumba, lokacin ƙwarin sun ragu.